Lomar Gidan Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Kurege dai kun san shi, jiki kamar dunƙulen hannu, ciki kamar rumbu. Ran nan da hantsi ya bi ta ƙofar Kura, ya tarar ta sauke tuwon dawa da miyar kuka, ga tsokar rago tana yawo a ciki.

Kura ta ce, "Bismilla." Irin bismillar nan da ake yi don kunya, mai hankali ya ce ya ƙoshi ya wuce.

Kurege ya ce, "Loma ɗaya zan yi, Gwaggo."

Ya zauna. Ya ci, ya ci, ya ci, har ya suɗe miya da yatsa.

Kura ta ce, "Kai! Ba loma ɗaya ka ce ba?"

"Ai ɗaya na yi. A gidanmu loma daga sa hannu ce har a ga gindin tukunya."

Ran Kura ya ɓaci. Caraf ta damƙe wuyansa. "To, zan yi maka rakiya. A gidanmu rakiya ita ce a kai baƙo har cikin ciki."

Tsoro ya kama Kurege, don ya hango haƙora. Amma ya lura Kura tana murmushi, daɗin maganarta ya kama ta.

Ya ce, "Kai, Gwaggo, ashe gidanku ya fi namu iya magana! Kafin in mutu, me kuke nufi da sanyi?"

Kura ba ta da wani gida mai irin wannan magana, amma ba za ta bari ɗan mitsitsin nan ya fi ta ba. Ta ce, "Zafi!"

"Ikon Allah! Gaba fa?"

"Baya!"

"Riƙo fa?"

"Saki!"

"Haba Gwaggo, wannan kam ƙarya ce. Ba wanda ya iya irin wannan riƙo."

"Ni ce ban iya ba? Dubi nan!"

Ta buɗe hannu wangam. Wuf, Kurege ya faɗa ramin da ke gindin danga.

Kura ta tsaya da hannu a buɗe, ga yunwa, ga haushi. Ta ce, "Fito in sake nuna maka!"

Daga cikin rami Kurege ya yi gyatsa, ya ce, "Na gani, Gwaggo, kin iya ƙwarai. Gobe dai a ƙara yaji a miyar."

Ƙurunƙus! Wanda zai yi gasar magana da Kurege, ya fara cinye tuwonsa tukuna.