Depiten da Ake Ce wa Kurma da Gonar Fasuma

Akwai wata mata a Jiratawa mai suna Fasuma. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da ɗan fili a gonakin ban-ruwa, inda take noman zogale da tattasai. Da wannan filin ake ci a gidan.

Wata rana rediyo ya ce gwamnati ta kai wata doka Majalisar Dokoki a Yamai. A ciki an ce duk filin ban-ruwan da mai sunansa ya rasu, zai koma hannun ƙungiyar manoma a sake rabawa.

Illo, ƙanen mijinta, ya shigo a rikice.

"Yaya Fasuma, an gama! Akwai wani Alhaji a Sabon Garin Maraɗi mai son filin. Mu sallama masa tun ba a ƙwace ba."

Amma Fasuma ta ce sai ta ga depitensu, wato 'yar majalisa Hajiya Tahira, wadda ta zo gida Tsibiri gaisuwar rasuwa.

Illo ya tuntsire da dariya. "Kurmar? Matar da ko tari ba mu taɓa jin ta yi a tele ba!"

Ku ji fa, jama'a. Shi Illo a wurinsa depite nagari shi ne mai buga tebur.

Fasuma ta hau kabu-kabu ta tafi. Hajiya Tahira ta saurare ta har ta kai aya, sannan ta ce:

"Baiwar Allah, kada ki sayar. Ba doka ba ce tukuna, daftari ne. Sai an miƙa shi ga komisiyo, ƙaramin kwamitinmu na harkar noma, mu bi shi layi-layi, mu ji bakin waɗanda abin ya shafa. Bayan nan ne dukan depitoci za su zauna su jefa ƙuri'a. Ban yi miki alkawari ba, amma ina cikin komisiyon. Za ki iya zuwa ki faɗa musu abin da kika faɗa mini?"

Fasuma ba ta taɓa wuce Madawa ba, amma ta je Yamai, tare da wakilan manoma. Ɗakin komisiyon ƙarami ne, babu tele, babu tafi. Ta miƙe ta ce da Hausa:

"Mai suna ya rasu, amma masu ci suna nan da ransu."

Ta dawo, aka shiga jira. Makonni suka wuce shiru. Alhaji na aike, Illo na gori: "To ina aikin kurmar taki?" Wallahi Fasuma ta rame, amma kullum sai ta ba zogalenta ruwa.

Ranar ƙuri'a suka kewaye rediyo. Depitoci suka yi ta cacar baki, muryar Hajiya Tahira ko sau ɗaya ba ta fito ba. Illo ya ce, "Kin ji ko?"

Sai mai fassara na rediyon ya karanto gyaran da komisiyo ta yi: filin mamaci zai zauna hannun iyalinsa muddin suna nomansa. Aka ɗaga hannuwa, gyaran ya wuce da rinjaye.

Fasuma ta zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba. "Alhamdu lillahi," kawai take maimaitawa.

 Can Illo ya ɗauki kwando ya ce, "Yaya, tashi mu je. Tattasan nan ya nuna tun shekaranjiya."

Darasi: Kada tsoro ya sa ka rabu da abinka tun magana ba ta tabbata ba. Ka yi haƙuri, ka tambaya, ka kai kukanka inda ake gyara. Kuma kada ka auna wakilinka da ƙarfin murya, wani aikin a ƙaramin ɗaki ake yin sa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai shirin sayar da nasa yau.