Hannun Rigar Barde Tanimu

An ruwaito a cikin wani tsohon littafi, wanda gara ta cinye gefensa ta bar tsakiya, cewa an yi wani sarki a Birnin Dargaza ana ce masa Hashimu. Mahassada za su ce an ƙara wa labarin gishiri. To, Allah ya isa, gishirin ma a cikin littafin aka same shi.

Sarki Hashimu mutum ne mai zargi. Ko tuwo aka kawo masa da zafi, sai ya tambayi wanda ya hura wutar da abin da yake nufi. Yana da ɗa guda, Sa'adu, wanda ya tashi a gaban malaman littafi, bai taɓa sa ƙafa a likkafa ba sai da gemu ya fito masa. Al'adar Dargaza kuwa, ba a naɗa magajin sarki sai ya hau doki shi kaɗai, ba mai ja ba mai rakiya, ya yi sukuwa daga ƙofar gari zuwa kogi, ya ɗebo ruwa a buta ya kawo wa ubansa.

Saboda haka aka damƙa Sa'adu a hannun Barde Tanimu, mai koyar da hawa. Barde Tanimu gwani ne, kuma ba ya jiran wani ya faɗa masa. Kullum yana cikin wata babbar riga shuɗiya mai faffaɗan hannu, wadda ake jin ƙamshin turarenta kafin a hango shi. Yakan ce dokin da bai san shi ba jaki ne aka yi wa sirdi.

An ce a filin horo, bayan barga, Sa'adu ya zama abin kallo. Barde zai tsaya a tsakiya, ɗan sarki yana zagaya shi a kan wani doki akawal, baƙi wuluk: sassarfa, sukuwa, zamiya, duk ba kuskure. Amma da zarar an fitar da shi ƙofar gari an bar shi shi kaɗai, sai akawal ya kafe. Sa'adu ya yi ƙaimi, ya yi bulala, ya yi roƙo. Doki ya sunkuya ya kama cin ciyawa. Rani ya wuce a haka, damina ta sauka, abu yana nan jiya i yau.

Barde Tanimu ya shiga zargi. Ya zargi Madugu Isyaku, baƙon fatake wanda ya sayar da dokin, cewa ya ɓoye wani aibi. Ya zargi Waziri Zubairu, wanda ɗan 'yar'uwarsa zai samu gado in Sa'adu ya kasa, har ya sa aka tone bakin ƙofa ana neman laya. Aka sami tsohon ƙashin akuya kawai. Ya canza linzami, ya wasa ƙaimi, ya tsawaita horo har cinyoyin ɗan sarki suka saɓule. Mutum ɗaya ne a duk garin bai zarga ba, kun kuwa san shi.

Da haƙurin Sarki ya ƙare, sai ya kira Barde da Madugu da Waziri, su ukun, zuwa fada, ya sa wani ƙaton dogari ya riƙe akawal a farfajiya inda kowa ke ganinsa. Ya ce, "Ku saurara. Doki lafiyayye, mahayi lafiyayye, malami gwani. A bayan barga tsuntsu, a ƙofar gari turmi. Wa ya ɗaure mini ɗa? A cikinku yake. Na rantse, ranar da na gane shi, a wutsiyar dokin nan za a ɗaure shi a fitar da shi gari."

Waziri ya dubi Madugu. Madugu ya dubi Barde. Barde ya dubi su biyun, ya gyara zaman rawaninsa.

Madugu Isyaku ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ni baƙo ne, an tsare mini ayari tun farkon damina a kan laifin da ban sani ba. Amsa ba ni da ita. Sai dai in Zaki ya yarda, in ba da labarin wani madugu da na yi wa yaron tafiya ina saurayi."

Sarki ya ce, "Faɗi. Amma ka sani ina jin abin da ke ƙarƙashin magana."

Madugu ya ce, "An yi wani madugu mai murya kamar tsawa. In ayari ya iso zango, sai ya daka kira, raƙuma duka su durƙusa lokaci guda. Har waƙa ake yi wa muryar nan tasa. Ran nan mai dafa mana abinci ya kwanta ciwo, aka bar shi a wani ƙauye. Da muka iso zango madugu ya daka kira, raƙuma suka dube shi suna tuƙa. Ya yi ta kira har muryar ta dushe. Ashe, ranka ya daɗe, shi mai dahuwar nan, duk inda muka iso, shi yake fara sauke tukunya ƙasa, ƙwal! Ƙarar tukunyar raƙuman suke jira. Kiran madugu kuwa, tare suke zuwa kawai."

Barde Tanimu ya ji kamar an watsa masa barkono. Ya yi zumbur ya miƙe, ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, a gabanka ɗan fatake zai haɗa dokin sarauta da raƙumin gishiri? Kai Madugu, tukunyar wa ka gani a filina? Ni da na koya wa—"

Yana faɗin haka, cikin fushi, ya kwashi hannun rigarsa na dama ya wurga kan kafaɗa, kamar yadda ya saba.

Sai akawal ya zabura a farfajiya. Ya fizge ragama, ya ja ƙaton dogarin nan a ƙasa, ya shiga zagaya fili da sukuwa. Barde ya firgita, hannun riga ya zamo daga kafaɗarsa ya faɗo. Nan take doki ya yi zamiya ya tsaya cik, zamiya mai kyau, irin wadda ake yi wa guɗa.

Sarki ya daɗe yana kallon rigar. Sa'an nan ya ce, "A ɗora wa dokin nan buhun gero."

Aka ɗora, aka ɗaure. Sarki ya ce, "Barde, ɗaga hannun rigarka." Barde ya ɗaga, gumi na zuba masa. Buhun gero ya yi sukuwa. "Sauke." Buhun gero ya yi zamiya. Har Barde ya yi gyaran murya don tsoro, buhun gero ya juya hagu, cikin ladabi.

Sa'adu, wanda ke zaune a gefen ubansa, ya ce a hankali, "Ashe duk watannin nan ni da buhun nan ɗaya muke."

Waziri Zubairu, da ya ga wutsiyar doki ta yi nisa da shi, ya samu baki. Ya ce, "Zaki, ai ga ta nan a fili. Da gangan ya yi. So yake in ɗanka ya hau gado, ya zama ba ya motsi sai Barde ya ɗaga riga."

Barde Tanimu ya hango kansa a bayan akawal, rigarsa shuɗiya tana share titin Dargaza. Rigar ta fi ba shi tausayi. Amma mai wayo ko a bakin rami yana da abin faɗi. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, da makirci na shirya, da a gabanka zan ɗaga hannun rigar? Ka ba ni zuwa kaka. A kafa mini zana a gefen fili, a zaunar da ni a bayanta, a ɗaure mini hannuwa da igiya. In gero ya nuna ɗanka bai kawo ruwa ba, igiyar tana nan, sai a ƙulla ta a wutsiya."

Sarki ya ce, "Wannan ma ina zarginta. Amma a yi."

An ruwaito cewa babu azabar da ta kai wa Barde wannan. Yana leƙe ta hujin zana, yana ganin doki na waige-waige yana neman riga, yana ganin Sa'adu na jan linzami kamar mai jan guga. Kafaɗarsa ta yi ta motsi ita kaɗai, igiya na hana ta. Sa'adu ya faɗi a taɓo, ya tashi, ya sake faɗuwa. Ya zo bakin zana ya ce, "Barde, me zan yi?"

Da can Barde da ya yi masa huɗuba har la'asar. Yanzu kuwa, tun da ba ya iya nunawa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, me ka ji a ƙarƙashinka kafin ya tsaya?"

Sa'adu ya ce, "Bayansa ya yi tauri."

"To, koma. In ka ji taurin nan, matse shi da ƙafa tun bai tsaya ba. Ka daina kallon zana, ba kowa a nan sai wani bawan Allah da aka zalunta."

A hankali akawal ya fid da rai da riga. Kunnensa, da kullum ke fuskantar tsakiyar fili, ya fara juyawa baya, wajen wanda ke kansa.

Da gero ya nuna, aka fitar da Sa'adu ƙofar gari. Doki ya tsaya, ya dubi ciyawa. Barde, ɗaure a cikin zauren ƙofar, ya rufe ido. Sai ya ji ƙarar kofato tana nisa. Bai buɗe idon ba sai da ya ji ta tana dawowa, mata na guɗa. Rabin ruwan butar ya zube a hanya, amma rabin ya isa hannun Sarki.

Sarki ya saki ayarin Madugu Isyaku, ya haɗa masa da kyauta mai yawa saboda tukunyarsa. Waziri ya ci gaba da zama abin zargi, kamar kowa. Barde Tanimu kuwa, aka kwance shi, ya miƙe yana gaya wa mutane cewa zaman bayan zana shi ne matakin ƙarshe na koyarwa, wanda ya daɗe yana tanadi.

Sarki ya ji, ya ce, "Haka ne, Barde. A kawo tukuicinsa."

Aka kawo riga ta alharini, ɗinkin gwani, 'yar shara, ba hannu ko ɗaya.

Masu littafin suka ce: in almajirin hawa ya kafe a wuri guda, kafin a tone ƙofar gari, malami ya fara duba abin da yake ɗauke wa mahayin ba da saninsa ba, ya koma gefe ya bar shi da dokinsa. Gaskiya suka faɗa. Amma a raba mutum mai kyawun kafaɗa da hannun riga, wannan kam Allah zai bi wa Barde hakkinsa.