Tasalla da Rijiyar Shiru

Kwana da kwanaki ke nan wani abu yana damuna. Autata Ladidi ta shiga shekara ta uku ba ta ce "Inna" ba, likita kuwa ya duba ya ce kunnenta ba ya ji. Maigidana, Malam Sallau, ya kafa doka: "Kada na ga ana yi mata bebanci a gidan nan. In ta saba da hannu, bakin ba zai buɗe ba." Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na san tarihin garinmu, shi ne ma ya hana ni sakat.

A zamanin da, tun dajin nan bai san gatari ba, fari ya taso wasu mutane daga arewa. Jagoransu maharbi ne, Cindo, wanda aka haifa da yatsa shida. Cindo na Tasalla, kibiyarka ba ta kwana da yunwa! Haka ake yi masa kirari. Tasallar nan yayarsa ce, kurma, ba ta taɓa furta kalma ba. Tun suna yara suka ƙirƙiro maganarsu da yatsu. Ruwa da alamarsa, wuta da tata, har zolayar juna suna yi.

Ranar tashi wani dattijo ya ce a bar ta. "Wadda ba ta jin kira, in ta ɓace a daji wa zai nemo ta?"

Cindo ya ajiye bakansa ya zauna. "To Baba, ku nemi mai kai ku."

Dole aka tafi da ita.

Sun yi tafiya har jakuna suka fara faɗuwa, sannan suka iske wata fadama mai damshi. Sai dai fadamar ta giwaye ce, giwayen wurin kuma ba sa ƙaunar muryar ɗan Adam. Mutum biyu suka fara haƙa rijiya, na cikin rami ya ƙwala wa na sama kira, giwa ta fito ta tattake ramin, da kyar suka tsira. Rijiya kuwa ba ta haƙuwa sai na ƙasa da na sama sun fahimci juna.

Sai Tasalla ta tara su nesa da fadamar, ta shiga koya musu maganar hannu. Dunƙule hannu, a ja igiya. Buɗe tafi, a saki. Dattijon nan ya fi kowa taurin yatsu, sai da ta kama hannunsa tana lanƙwasawa kamar na yaro.

"Baba," in ji Cindo, "yanzu fa ba igiya ka ce a ja ba, aure ka nema."

Aka koma aka yi ta haƙa, ba mai ko tari. Ranar da ruwa ya ɓullo, uwar garken giwayen ta zo ta tsaya a kansu. Maza suka daskare. Tasalla ta ɗebi ruwa a ƙwarya, ta yi mata alamar sha, ta ajiye. An ce giwar ta shanye, ta juya da garkenta gabas, ba a ƙara ganinsu ba. Tasalla mai baki a tafin hannu, uwar gari!

Nan aka kafa garinmu, Rijiyar Shiru. Har yau ba a gaisawa da baki a bakin rijiyar sai mace ta cika tulunta. Da hannu ake tambayar mutanen gida, wallahi da hannu ma ake gulma.

Jiya ina tankaɗe, Ladidi ta zo ta taɓa zanen kumatuna, ta dafa ƙirjinta. Ta sake yi, tana kallona. Ashe suna ta raɗa mini. Na waiga, ba kowa, na amsa mata da hannu, ta yi dariyar da ban taɓa ji ba.

Gwaggona Kande tana can garinmu, ta iya maganar rijiyar nan kaf, ta aiko in kai mata yarinyar. Malam ba mugu ba ne, tsoro yake ji, ni ma ina ji. To jama'a, in zaunar da shi in sa Ladidi ta kira ni da hannu a gabansa, ko in fara samun yayarsa ta yi masa magana? Don Allah ku ba ni shawara.