Yadda Ladingo Ta Haɗa Dila da Hankaka

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku!

Ta iso, kunnuwanmu na jira!

Wai a wani gari an yi wata mai saƙar faifai, sunanta Ladingo. Ba ta da kowa a duniya sai yayanta Nomau, manomi. Ana nan, sai Dila ya sauka garin da buzu da carbi, wai shi mai duba ne. Ashe bakinsu ɗaya da Hankaka! Hankaka ya sace abu ya ɓoye, Dila ya zana ƙasa ya faɗi inda yake, a ba shi akuya.

Ran nan zoben Sarki ya ɓata. Dila ya zana ƙasa, ya share, ya zana, ya ce, "Yana cikin rumbun Nomau!" Aka duba, ga zobe! Dogarai suka yi caraf da Nomau. Sarki ya ce nan da kwana uku a sare masa hannu.

Ladingo ta yi kuka har ta gode Allah. Da ta leƙa rumbun, sai ga baƙin gashin tsuntsu a kan dawa. Ta tuna kullum Hankaka na bisa tsamiyar gidan Dila. Ta share hawaye, ta ce, "Af! Ashe haka ne?"

Rana ta fari, ta kai wa Hankaka busasshen ƙashi. Ta ce, "Malam Dila ya ce a ba ka. Wai tsoka ta malamai ce, ƙashi na barori." Hankaka ya kumbura don fushi.

Rana ta biyu, ta durƙusa gaban Dila. "Allah gafarta Malam, ni dai ban yarda ba. Amma ana cewa gobe Hankaka zai sauka gaban Sarki ya tona wani asiri." Carbi ya suɓuce daga hannun Dila. Yini ya yi yana hararar tsamiya, ko ruwa ya kasa sha.

Rana ta uku, fada ta cika maƙil. Ga Nomau a ɗaure, ga hauni da takobi. Ladingo ta kutsa da ƙwarya rufe da faifai, ta faɗi ta yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, kafin a taɓa yayana, Malam ya faɗi abin da ke cikin ƙwaryar nan."

Sarki ya ce, "Faɗa mana, Malam. In ka kasa, hannunka a madadin nasa."

Dila ya zana, ya share. Ya zana, ya share. Zufa sharkaf! Ya saci kallon soro inda Hankaka ya sauka, Hankaka ya juya masa ƙeya. Ladingo kuwa ta saki bakin zanenta a hankali, gyaɗar da ta ƙulle a ciki ta zube gaban Sarki. Hankaka da yunwa, sai firrr, ya diro!

Dila ya zabura. "Ranka ya daɗe, kada ka saurare shi! Shi ya sace zoben ya jefa a rumbu!"

Hankaka ya ce, "Kai ka aike ni, macuci mai cinye tsoka!"

Fada ta kaure da salati. Aka kwance Nomau, aka ɗaure Dila da Hankaka da igiyarsa, aka fitar da su daga garin ana yi musu ature. Sarki ya ce, "Ke yarinya, wai me ke cikin ƙwaryar?"

Ladingo ta ɗaga faifai. Wayam, ba komai!

Ku dai ku ji: amanar da aka ƙulla kan zalunci, kalma biyu ke tsinka ta.

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya faɗa tukunya, mai kwaɗayi ya tsamo.