Gwangwanin da Rachidou Bai Zubar Ba

Akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Barbès ta Paris mai suna Rachidou, mutumin Maraɗi, wanda girman kansa ya fi shagon wayoyinsa faɗi. Ya shiga ƙungiyar masu wasan harbi, ya samu takardar izini, ya sayi tsohuwar doguwar bindigar sojan Faransa da ta girmi mahaifinsa. Harsashinta ba ya samuwa, sai dai mutum ya ɗura nasa da hannu.

Aka haɗa shi da Malam Ilya a Vénissieux, can Lyon, dattijon da ya shekara ashirin yana ɗura harsashi ba ko ƙwarzane. Rachidou ya je da gwangwanin albarushi biyu, na ƙaramar bindiga da na doguwa.

"Gwangwani ɗaya kawai ake ajiyewa kan teburi," in ji Malam Ilya. "Na ƙaramar ya fi saurin ci. In ya shiga doguwar, fashewa za ta yi."

Rachidou ya ƙi ɗauke ɗayan. Yana amsa waya yana aiki, har ya juye ragowar albarushin ƙaramar cikin gwangwanin doguwar.

"Ka gauraya su. Wannan ya zama na zubarwa, ɗana."

"Ni ba ɗanka ba ne. Duka baƙi ne, menene bambancin? Wanda ya tsufa yana dakon kwalaye a ɗakin ajiyar kaya ne zai koya mini hankali?"

Rachidou ya koma Paris, ya ɗura harsashi ashirin daga gwangwanin nan.

Ranar Lahadi ya je filin harbi da ƙanensa Mika'il, tela ne, da hannunsa yake ciyar da 'ya'ya huɗu. Rachidou ya ɗaga bindiga, sai maganar dattijon ta faɗo masa. Da ya ajiye ta a nan, da an rabu lafiya. Amma mutane na kallo.

"Mika'il, zo ka buɗe mana harbin, kai ne mai sa'a."

Mika'il ya karɓa da murna, yayansa ya girmama shi. Ya ja kunamar bindigar. Bindigar ta tarwatse, ta tafi da yatsunsa uku na hagu da idonsa na dama.

A asibiti Rachidou ya yi ta gaya wa 'yan dubiya cewa tsufan ƙarfe ne. Ya kusa yarda da ƙaryarsa ma. A rana ta uku Malam Ilya ya iso daga Lyon, ya yi wa Mika'il sannu, sannan ya dubi Rachidou.

"Gwangwanin nan, ka zubar?"

Mika'il ya juyo da idon da ya rage masa.

"Yaya, wane gwangwani?"

Darasi: Gargaɗin masani ba raini ba ne. Abin da kake tsoron gwadawa da hannunka, kada ka miƙa wa wanda ya amince da kai. Ku tura wa duk mai jin ya wuce a faɗa masa.