Yatsun Jatau a Ƙeyar Kurciya

Dalilin da ya sa kurciya take yawo da baƙin layi a ƙeya, ku matso ku ji shi, yara, don na gaji da jin ana cewa wai kwalliya ta yi wa kanta. Kwalliya ina! Aikin mutum ne, mutumin da ko sannu ba a ce masa ba.

A can da, wuyan kurciya fes yake, ba ko ɗigo. A zamanin akwai wani marini mai suna Jatau, wanda in ya tsamo zane daga karofi sai ya tsayar da masu wucewa sun yaba kafin ya shanya. Shuni ya kama hannuwansa har gwiwa, shi kuwa taƙama yake da haka. Matarsa Kande tana da wata kurciya da ta raina tun ba ta yi fiffike ba. Kurciyar nan akwai tsabta da iyayi, ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai Kande.

Wata rana Kande ta tafi ƙauye wajen ƙanwarta da ta haihu, za ta yi mako guda. Kwana biyu da tafiyarta kurciya ta kwanta ciwo. Gashinta ya tashi, fiffike ya saki, idanu suka kumbura suka rufe ruf. Jatau ya dawo da hantsi ya tarar da ita a gindin randa, tana numfashi da ƙyar.

Ya shimfiɗa auduga a ƙwarya, ya jiƙa gero, ya miƙa hannu zai ɗauke ta.

"Wane ne?" in ji kurciya. "Maigida ne? Kada ka taɓa ni da hannuwan nan naka!"

"Ke, mutuwa za ki yi fa!"

"In mutu da tsabtata. Inna kaɗai nake jira."

Jatau ya riƙe haɓa. "Ka ji mini ja'ira! Hannun da attajirai ke layi a kansa?"

Amma ya san ba za ta kai kwana biyar ba ci ba sha ba. Sai ya fita, ya zaga bayan gida, ya shiga ɗakin Kande ya zura awarwaronta, ya dawo yana kaɗa su, caras-caras. Ya matse murya kamar sauro.

"Wayyo 'yar lelena! Ga ni na dawo."

"Inna? Me ya sami muryarki?"

"Guɗa na sha a gidan haihuwa. Buɗe baki."

Ya kama ƙeyarta da yatsu biyu, ya ɗaga kanta, ya ɗiga mata ruwa, ya saka mata gero ƙwaya-ƙwaya. Ya goge mata idanu da ruwan ɗumi, ya sa ta cikin ƙwarya kusa da murhu. Kullum sau uku yake baro karofi a guje, hannu na ɗigar shuni, ya zura awarwaro ya zama Kande.

"Inna, mijin nan naki ƙazami ne," in ji kurciya ran nan, bakinta cike da gero.

Jatau ya ƙara matse murya. "Ai kuwa duk garin nan ba kyakkyawa kamarsa."

Ranar da Kande ta dawo, ranar idanun kurciya suka buɗe. Ta ga Kande a bakin ƙofa da kaya a ka, ta waiga ta ga ƙato mai gemu da awarwaro yana riƙe da ita. Kande ta sauke kaya, ta dubi mijinta, ta dubi tsuntsuwar, ta faɗi zaune don dariya.

"Maigida, ka rina mini kurciya!"

Kurciya ta ruga ta leƙa kaskon ruwa. Ga baƙi nan ya zagayo ƙeya ta nan da ta nan. Ta yi wanka da ruwa, ta yi da toka, ta yi birgima cikin yashi. A banza.

"Daina wahalar da kanki," in ji Jatau, yana cire awarwaro. "Rinina ba ya zuba. Ga rai, ga ado, kuma ni ne ƙazami!"

Shi ya sa har yau, in kun dubi kurciya da kyau, za ku ga baƙin ya kama ƙeya da gefen wuya amma bai rufe maƙogwaro ba. Nan ne Jatau ya bar mata hanyar haɗiyar gero.