Kifin Madatsar Sanata

An yi wani Sanata Mamuda da ya cika rediyo da labarin ƙudirinsa na gina madatsar ruwa a Kwarin Maje. Shekara uku, ko rami ba a haƙa ba. Da zaɓe ya matso, sai ya aika wa dagaci: "Ranar Asabar zan zo da 'yan jarida. A kawo mini kifin madatsata, ko rawaninka ya sauka."

Dagaci ya tara mutanen gari ya faɗa musu. Kande mai daddawa, wadda ta gaji da jan guga, ta ce, "Bar ni da shi."

Ranar Asabar ta durƙusa gaban Sanata da akushi a rufe. Ya buɗe yana washe baki, sai ga takarda an rubuta "kifi".

"Ke tsohuwa, wannan ai takarda ce!"

"Ranka ya daɗe, madatsar taka a ina take?"

"Tana majalisa, ta tsallake karatu na biyu!"

"To, a cikinta muka kamo shi. Karanta shi sau biyu. In ka ƙoshi, mu ma sai mu sha ruwan."